Hutu da Huɗu

A wurin aikinmu ba wanda yake kiranta da sunanta. Uwar Daka ake ce mata, tun daga mai gadi har Dakta da ke shugabantar wurin. Ni kuwa Yaya nake ce mata, duk da ba mu haɗa ko dangi ba. Ta rasu a watan da ya wuce. Babbar 'yarta ta ce in rubuta wani abu a kanta saboda jikoki, don ƙanana ne, ba za su tuna ta ba sai a hoto. Na ce mata ni karatuna bai yi nisa ba. Ta ce, "Inna, ai ba jarrabawa ba ce." Shi ne na zauna.

Wurin aikin namu ɗakin gwaje-gwaje ne. Ana kawo abubuwa iri-iri a duba abin da ke cikinsu: ƙasa, ganye, roba, gashi, wani lokaci har ƙashi. Ni aikina wanke kwalabe da goge-goge. Ita kuma tana ɗakin ƙarshe, kusa da ma'ajiyar kaya, ɗaki mai taga ɗaya da wata fanka mai zuƙe iska wadda ba a kashe ta. A nan injin niƙa yake.

Ba irin injin niƙan unguwa ba ne. Girmansa bai wuce akwatin tufafi ba, a kan tebur yake zaune. A cikinsa akwai kwarmi da ake cikawa da ruwan naitirojin, wani ruwa mai tsananin sanyi da yake tafasa yana hayaƙi babu wuta. Abin da za a niƙa sai a sa shi a wata 'yar kwalba mai kauri tare da guntun ƙarfe, a rufe, a nutsa a cikin ruwan. Sanyin yakan sa ko roba ta yi tauri kamar gilashi. Sai injin ya riƙa wurga ƙarfen gaba da baya da ƙara, har abin ya zama gari. Yaya takan kira kwalbar turmi, ƙarfen kuma taɓarya. Daga nan sunanta ya samo asali.

A goshin injin akwai ɗan allo mai haske, da layuka a jere, kowane da lambarsa, an rubuta su da harshen waɗanda suka ƙera shi. Yaya ta raɗa musu sunayenta. Na sama jiƙo, wato mintocin da za a bar abin cikin sanyi kafin a taɓa shi. Na biye da shi daka. Sai hutu, tsayawar da injin zai yi tsakanin daka da daka, don duka yana kawo zafi, sai an dakata sanyi ya sake kama abin. Na ƙasa zagaye, sau nawa za a maimaita. Akwai maɓallin sauka daga layi zuwa layi, da na ƙara lamba, da na ragewa, sai kore na tayarwa. Kowane abu da nasa lissafin. Takan ce ganye ba ruwansa, ƙashi mai taurin kai ne, roba kuwa 'yar lallashi ce.

Ita ma da wanke kwalabe ta fara. Mijinta direban motar haya ne, ya rasu ya bar ta da yara uku, ƙaramin yana goye. Wani tsohon ma'aikaci da ke riƙe da ɗakin a lokacin ya lura ba ta fasa kwalba, kuma ba ta taɓa abin da ba a ce ta taɓa ba, sai ya fara koya mata. Ta shiga makarantar yamma ta samo takarda. Da tsohon ya ajiye aiki aka ba ta ɗakin. Injin da na sani shi ne na biyu a hannunta. Na farkon, in ji ta, ya fi wannan baƙin hali.

A makon da na fara aiki na shiga ɗakin gogewa, na ga ƙanƙara ta yi fari fat a jikin bututun tanki, gwanin sha'awa. Na miƙa jiƙaƙƙen hannu zan taɓa. Sai ji na yi an fizgo ni ta wuyan riga.

"Yatsun sun yi miki yawa ne kike son ragewa?"

Na buɗe baki zan ba da haƙuri, ta ga haƙorana biyu na gaba babu, tun wata faɗuwa da na yi daga babur.

"Kin rage haƙora, yanzu kin koma kan yatsu."

Tun ranar ta sa min Giɓi. Duk wanda ya kira ni haka sai mun yi, ban da ita.

Da rana mukan zauna a benci bayan gini, inda ake jera tankunan da suka ƙare, mu sha shayi daga filas ɗinta. Lokacin da aurena ya mutu, a gidanta na sauka da jaka ɗaya. Ɗaki biyu ne a bene, matattakalar da duhu, tagar tana kallon bayan shagon walda, ta jera gwangwanayen furanni a bakinta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta matsa min wuri a katifarta, ta ce in na yi minshari za ta mai da ni matattakala. Na yi watanni a nan kafin in sami nawa ɗakin. Ita ce mai minsharin.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, tana shan magani tana kuma shan shayi kamar zuma. Abin ido kuwa a hankali ya zo. Na fara gani ranar da ta tsiyaya shayi a gefen kofi, ta ce kofin ne ya matsa. Wata safiya kuma ta gaishe da farar rigar da aka rataye a ƙofa, har da ɗan russunawa, ta ce, "Dakta, an tashi lafiya?" Na yi dariya har na riƙe bango. Ita ma ta yi, amma tata ba ta daɗe ba.

Bayan 'yan kwanaki na shiga gogewa, ta ce, "Giɓi, tura ƙofar nan." Na tura. Ta nuna allon injin. "Nawa ne a layin sama?"

"Goma."

"Ni wani kore-kore kawai nake gani yana rawa."

Ta ce ta je asibiti. Yana ce a idanun biyu, aiki za a yi, amma likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai suga ya sauka.

"To ki gaya wa Dakta mana, Yaya."

"In gaya mata ta ce me? Kin san dokar wurin nan, wanda ba ya gani sosai ba ya kusantar ruwan nan. Ma'ajiya za ta mai da ni, ta kawo Dogo nan." Dogo ma'aikaci ne a ɗakin haɗa magunguna, magidanci, shi yake riƙe mata injin in ta tafi hutun shekara. "Wanda aka fitar daga ɗakinsa don ciwo, kin taɓa ganin ya koma?"

Na yi tunani. Ban taɓa gani ba.

"Yaran ma jira suke. Babbar har ta gyara min ɗaki a gidanta, da kujera a bakin taga. In na zauna a kujerar nan, Giɓi, na zauna ke nan." Ta shafa murfin injin. "Hannuna ya san komai a nan. Zuba ruwan ma da kunne nake jin ya cika. Lambar ce kawai. Ki ara min ido kafin a gyara nawa."

Haka muka fara. Duk lokacin da za ta saita inji sai in shigo da bokiti, in jingine sandar guga, in tsaya a kafaɗarta. Ta danna, in faɗi sunan layin, in faɗi lambar. "Jiƙo, goma." Ta danna. "Daka, uku." Ta rage. "Biyu." Ta sauka. Lamba ai na iya, layukan kuma na haddace su da inda suke. In an taɓa ƙofa sai in koma kan gugata kamar ban san da inji a ɗakin ba.

A ɗaya ɓangaren muka shiga yaƙi da suga. Ta koma shan shayi lami, tana kiransa ruwan wanke tukunya. Na sami ƙullin sukari a aljihun farar rigarta, na kwashe. Ta ce ɓarauniya ta shigo wurin aiki, kuma an ce mai giɓi ce. Ta je asibiti aka auna, aka ce ya sauka amma da saura. Ta sake komawa, aka sake cewa da saura. Muka yi watanni a haka, ba abin da ya faru. Ba zan ɓoye ba, watannin nan sun yi min daɗi. Ban taɓa zama kusa da aikin wani haka ba, har na fara gane ƙarar injin in abin ciki ya fara laushi.

Ranar da abin ya faru, murafen roba aka kawo, irin na kwalaben magani, za a duba ko akwai wani abu mai cutarwa a cikinsu. Yaya ta yanka su ƙanana, ta raba biyu yadda ta saba, ta ajiye rabi, ta zuba rabi a turmi. Ta sa safar hannu mai kauri, ta sa abin toshe kunne. Ni kuma ina da mura, na ɗaure baki da takunkumi. Fanka tana ta gunji a kanmu.

"Jiƙo, goma," na ce.

Ta danna don ta sauka kan daka. Amma safar da kauri, yatsa ya danna sau biyu, ya tsallake daka ya faɗa layi na uku.

"Nawa?" ta ce.

Na ga ba inda take nufi take ba, sai na ce mata, "Hutu."

Ita kuwa huɗu ta ji. A zatonta tana kan daka, lambar huɗu ce, roba kuma biyu take so. Ta rage sau biyu. Hutun da yake biyu ya koma babu. Dakan kuma yana nan a mai tsawo, yadda aka bar shi jiya don ƙashi.

Daidai nan aka buga ƙofa. Kafin in ga abin da ta danna na riga na juya na ɗauki sandata. Direban da ke kawo mana tankin naitirojin ne ya leƙo. Shi injin yake kira mijinta, don tsokana.

"Uwar Daka, ga abincin mijinki na kawo. A zo a karɓa, rana tana yi."

"Mijina ya fi ka haƙuri, jira ni." Layin zagaye ba ta canza shi, don haka ta danna kore ta fita. Lokacin jiƙo injin shiru yake, ba abin da zai nuna wani abu. Na bi bayansu na taya su turo tankin. Direban nan kuwa mutum ne mai zance. Ya kawo labarin tayar motarsa, ya kawo na surukarsa da ta zo kwana biyu ta share wata. Muna dariya a bakin ƙofar baya, injin ya fara daka can ciki, ba mu ji ba.

Da muka dawo yana ta bugu. Yaya ta tsaya, ta ɗaga abin kunnen gefe ɗaya, tana jiran ya tsaya ya huta. Ya ɗan yi kamar zai tsaya, nan take ya ci gaba. Na ga fuskarta ta canza. Ta kai hannu ta kashe.

Ta ciro turmin da abin kamawa, ta jira ya saki, ta buɗe. Babu gari. Robar ta dunƙule ta manne wa ƙarfen kamar cingam da aka tauna aka tofar. Ta taɓa da yatsa, ta murza.

"Karanta min."

"Jiƙo, goma. Daka, biyar. Hutu, babu."

"Ba kin ce min huɗu ba?"

"Hutu na ce, Yaya."

Ta ajiye turmin. Can sai kafaɗarta ta fara rawa, ashe dariya ce. "Da wannan giɓin naki, ga takunkumi, ai hutu da huɗu duk ɗaya ne." Ta zauna a kujera tana dariya, ta cire tabarau ta goge ido, ta daɗe tana gogewa.

Na ce, "Ai da sauran rabi. Mu wanke turmin, mu sake. Daga yau sai in riƙa cewa layi na uku."

"Za mu sake." Muka sake, a hankali, garin ya fito lukui. Ta kai wa masu gwaji, ba wanda ya san an yi wani abu. Amma da muka zauna a benci ba ta buɗe filas ba.

"Mako mai zuwa za a kawo haƙori," ta ce.

"Cikin haƙorana da suka ɓace ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce wani mutum aka tsinta, an daɗe da rasuwarsa, ba a gane shi ba. Akwai wata mata da take zaton ɗanta ne. Za a niƙa haƙorin a duba ko jininsu ɗaya. In ya ɗauki zafi, abin da ake nema a ciki ya lalace.

"Guda ɗaya ne, Giɓi. Ba shi da rabi."

"Za mu kula sosai."

"Yau ma mun kula."

Washegari da safe ta ɗauko dunƙulen robar, da ma ba ta yar ba, ta sa a leda. Ta ce in tsaya a wurin aikina, ba ruwana. Na bi ta duk da haka, na tsaya a bakin ofishin Dakta.

Dakta mace ce mai ƙarancin magana, ta girmi babbar 'yar Yaya da kaɗan. Yaya ta ajiye ledar a tebur ta faɗi komai, a tsaye, ba ta rage ba. Dakta ta juya robar a hannu.

"Tun yaushe, Mama?"

Ta faɗa mata.

"Kuma kina zuba ruwan da kanki? Da ya kwaro miki a ƙafa fa? Da me zan gaya wa yaranki?" Ba ta ɗaga murya ba, amma na gwammace a ce ta ɗaga. "Daga yau kina ma'ajiya. Dogo zai karɓi ɗakin. Abubuwan da aka niƙa a watannin nan, duk wanda rabinsa yake nan, za a sake."

Wannan ta ƙarshe ce ta fi taɓa Yaya, na gani a wuyanta. Ta ce, "To. In an yi aikin fa?"

"Ba zan yi miki alkawari ba. Ki kawo takardar likita, ki karanta min allon nan da idonki, sai mu yi magana." Sai ta leƙo ni. "Ke kuma na gan ki. Guga ce kawai take shigar da ke ɗakin nan daga yau."

Na ce to, ranki ya daɗe.

Abin da aka samu da aka sake niƙan, ba a gaya min ba, ni kuwa ban tambaya ba. Haƙorin Dogo ne ya niƙa shi, Dakta tana tsaye a kansa. Ya fito daidai.

Ma'ajiya bango ɗaya ta haɗa da ɗakin inji. A nan aka ajiye wa Yaya kujera, tsakanin kwalayen safar hannu da jarkokin sabulu. Duk wanda ya zo karɓar kaya shi yake karanta abin da aka rubuta a kwali, ita ta miƙa masa. Ta bango take jin injin. In na shigo sai in same ta ta karkata kai, leɓenta yana motsi. Wani lokaci ta ce, "Dogo ya cika jiƙo, yana ɓarnar ruwa." Wani lokaci kuma ta ce, "Ya iya, Giɓi. Wallahi ya iya." Wannan ta fi ba ni tsoro. Dogo ya kawo kofinsa ɗakin, ya rataye kalandarsa, ya ce bai taɓa samun wuri mai kwanciyar hankali haka ba, ba mai shigo masa. Ba da mugunta ya faɗa ba, amma a gabanta ya faɗa.

Ta rame. Sugan da ya fara sauka ya sake hawa. Babbar 'yarta ta zo wurin aiki da kanta, ta same mu a benci.

"Mama, ki ajiye aikin nan haka. Me ya rage? Kin zama mai gadin sabulu."

"Sabulun ma wani ne zai yi gadinsa."

"Inna, ki sa baki mana."

Na ce mata ni bakina da giɓi, magana zurarewa take yi. Yarinyar ta tafi ranta a ɓace, da gaskiyarta kuma, tsoro take ji wa uwarta.

Likita ya ce ta riƙa tafiya a ƙafa. Sai muka daina hawa mota in an tashi. Mu bi ta gaban gidan mai, mu tsallaka babban titi ina riƙe da gwiwar hannunta, mu bi layin masu gyaran waya, har ƙofar benenta. Tana tafe tana mita. Takalmi ya matse ta, ni ina sauri kamar wadda aka aika, mai sayar da biskit ɗin can da gangan yake kallonta. In na ce ga rami, ta ce ta gani, sannan ta tambaya ta ina. Ni kuma daga can sai in hau mota in koma unguwarmu. A hankali sugan ya sauko. Wata rana ta fito daga wurin likita ta ce min, "Ya ce in zo da zani da mai jinya."

Idon dama aka yi wa aiki. Na hagun, da suka duba da kyau, suka ce ciwon ya riga ya ci can ciki, cire yanar ba zai ƙara komai ba. Ranar da aka buɗe bandejin ina tsaye a ƙarshen gado tare da 'yarta. Ta yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba. Ta dubi 'yarta ta daɗe. Sannan ta dube ni.

"Giɓi, ashe haka kika tsufa?"

Na ce ai a hannunta na tsufa. Muka yi dariya har mai jinyar gadon kusa ta harare mu. Amma a mota da za mu koma ta rufe idon dama da tafin hannu, ta buɗe, ta sake rufewa.

"Ido ɗaya," ta ce. "Dakta ba ta ce min ko da ɗaya za ta karɓa ba."

Da likita ya sallame ta ta koma aiki, ta sa farar rigarta da ta goge da kanta, ta kai wa Dakta takardar. Dakta ta karanta, ta ce mu je. Ni na riga na ajiye bokitina a bakin ƙofar ɗakin inji, ina goge wurin da na riga na goge.

Dakta ta sa Dogo ya matsa gefe. Ta juya baya ta danna lambobin da ta ga dama, sannan ta kauce.

"Bismilla, Mama."

Yaya ta matso. Ta ɗan karkatar da kai don idon dama ya fuskanci allon.

"Jiƙo, bakwai. Daka, tara. Hutu, ɗaya. Zagaye, shida." Ta ɗago. "Wannan me za a niƙa da shi, Dakta, dutse?"

Dakta ta danne murmushi. "Saita min na roba."

Ta saita, da safar a hannu, tana duban kowane layi kafin ta sauka. Sai Dakta ta ce tana so ta ga zuba ruwa. Nan ne na tsorata, don mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu sosai, na ga yadda take lalubar bakin kofi a gida. Yaya ta rufe fuska da gilashin kariya, ta ɗauki ƙaramar butar naitirojin. Ba ta tsiyaya daga sama yadda ta saba ba. Ta kai bakin butar ta jingina shi da bakin kwarmin tukuna, ta ji sun haɗu, sannan ta karkata. Hayaƙi ya taso ya malalo kan tebur. Ta tsaya a daidai layin da aka zana a kwarmin.

Dakta ta matso ta leƙa kwarmin. Fanka kawai ake ji.

"Ɗakin naki ne," ta ce. "Amma ɗiba daga babban tanki ba ke kaɗai ba, sai Dogo yana nan. Kuma duk abin da kika ji a jikinki, ni za ki fara gaya wa, ba mai bokiti ba."

"Na ji."

Dogo ya sauke kalandarsa yana naɗewa. "Da ma kunnena ya gaji, Uwar Daka. Mijin nan naki ba ya magana a hankali."

"Ka bar kofinka," ta ce masa. "Za ka riƙa zuwa ai."

Suka fita. Ta ɗauko turmi ta ɗaga shi wajen taga tana duba ko an wanke da kyau. Ni kuwa, da sabo, na jingine sandata na zo na tsaya a kafaɗarta. Ta juyo gaba ɗaya, don ta hagunta nake.

"Me kike tsaye yi? Kwalabe suna can suna jiran ki."

"Na ce ko za ki so a karanta miki."

"Tafi, Giɓi. In an tashi ki biyo min, mu taka."

Na ɗauki bokitina na fita. A wurin wanki na tsaya ina kuka, famfo a buɗe, ban san ko na murna ba ne ko na me. Can na ji injin ya tashi.

Ta riƙe ɗakinta bayan nan kusan shekara. Ba ta ƙara cewa in karanta mata komai ba, sai takardar magani in rubutun ya cika ƙanƙanta. Muka ci gaba da takawa da yamma. Wata ranar aiki ta ce min ƙafarta ta kumbura, yau mota za mu hau. Ta gaya wa Dakta kafin mu fita, Dakta ta sa aka kai ta asibiti. Suka ce ƙoda ce. Ban sake ganinta a tsaye ba.

Ku jikokinta, wannan ita ce kakarku yadda na san ta. Allah ya jiƙan Yaya, ya yi mata rahama.